Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa da Ƙungiyar Wasan Ces ta Najeriya: A Faɗaɗa Inda Ake Ɗebo Tawagar Ƙasa

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, daga Jos nake rubuto muku. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, ranakun Asabar kuma nakan koya wa yara wasan ces, darar nan mai gida 64 da malamanmu suka sani a littattafai da sunan shaɗaranji. Ba ni da muƙami a kowace ƙungiya, ba kuma nemansa ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke tafe da ni shi ne tawagar da ke ɗaukar tutar Najeriya zuwa gasar ƙasashen duniya ta wannan wasa: daga ina ake samo 'yan wasanta, ta wace hanya ake zaɓensu, wane shiri kuma ake yi musu kafin su hau jirgi. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a, kuma da Hausa, domin iyayen yaran da nake magana a kansu su ji abin da na roƙa a madadinsu.

Kun fi ni sanin gasar, amma ku yi mini haƙuri in ɗan bayyana ta saboda mai karatu. An kafa hukumar ces ta duniya, FIDE, a birnin Paris a 1924. A 1927 aka yi gasar ƙasashe ta farko a hukumance a Landan, ƙasashe 16 suka fafata, Hungary ta ɗauki kofi. Yanzu duk bayan shekara biyu ake yinta, ana kiranta Olimfiyad, kuma a wadda aka yi a Budapest a 2024 tawagogin da suka shiga babban rukuni sun haura 180, ban da rukunin mata. Kowace ƙasa mutum biyar take kawowa: huɗu su zauna a kan alluna huɗu, ɗaya yana jiran canji. Zagaye 11 ake yi, ba a fitar da kowa. Wanda ya ci ya haɗu da wanda ya ci, wanda ya sha kashi ya haɗu da ɗan'uwansa, a haka har kowa ya sami tsaransa. Tawagar da ta rinjayi abokiyar karawarta tana samun maki biyu, in an yi kunnen doki kowa ya tashi da ɗaya. Ɗan wasa yana da minti 90 na motsi 40 na farko, sannan a ƙara masa minti 30, ga kuma daƙiƙa 30 da ake ƙarawa bayan kowane motsi. Wasa guda yakan ci awa huɗu ko biyar, mutum yana zaune, ba magana, ba waya, ba mai taimako.

Abin da nake so a riƙe a cikin wannan tsari shi ne allo na huɗu. Kowane allo maki ɗaya ne, kunnen doki rabi, kuma sau da yawa karawar da ake yi tsakanin tsara da tsara da biyu da rabi da ɗaya da rabi take ƙarewa. Ke nan rabin makin da mutum na huɗu ya ƙwato, ko ya saki, shi ke yanke hukunci. Norway tana da Magnus Carlsen, wanda ya riƙe kambun duniya daga 2013 zuwa 2023, amma tawagarta ba ta taɓa hawa dandalin karɓar lambar yabo a wannan gasa ba. Gwani ɗaya ba ya ɗaukar ƙasa a nan. Sai ana da biyar masu ƙarfi, biyar ɗin kuma ba sa fitowa sai daga cikin ɗaruruwan da suke goga kafaɗa da juna, ɗaruruwan kuma daga dubban yara. Wannan ita ce gaba ɗayan hujjata, sauran duk bayani ne.

Ku dubi waɗanda suka ci a baya-bayan nan. A Chennai a 2022 Uzbekistan ce ta ɗauki zinare, alhali a jerin ƙarfi ita ce ta 14 kafin a fara. Mai zama a allonta na farko, Nodirbek Abdusattorov, shekararsa 17 a lokacin, Javokhir Sindarov kuma 16. Bayan shekara biyu a Budapest Indiya ta haɗa kofuna biyu, na babban rukuni da na mata. Mazanta sun tara maki 21 cikin 22. Gukesh ya ci 9 cikin 10 a allo na farko, Arjun Erigaisi ya ci 10 cikin 11 a allo na uku, kafin shekarar ta ƙare kuma Gukesh ya doke Ding Liren na Sin a Singafo ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Indiyar nan sai a 1988 ta sami babban gwaninta na farko, wato mai darajar ƙoli ta FIDE, Viswanathan Anand. Yau tana da fiye da 80. Gukesh da Praggnanandhaa, wani matashin gwanin Indiya, a rukunin makarantu ɗaya suka yi karatu a Chennai, makarantun da suka yarda su sassauta wa yaro darasi idan gasa ta taso. Armeniya kuwa, da mutanenta ba su wuce miliyan uku ba sosai, ba su kai yawan mutanen Jihar Filato ba, ta ci wannan gasa a 2006 da 2008 da 2012, kuma a 2011 ta mayar da ces darasin dole a firamare. Ba ɗaya daga cikin ƙasashen nan da ta tara tawagarta ana saura wata ɗaya a tashi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wurin. A 1998, a garin Elista na ƙasar Rasha, ɗan Najeriya Odion Aikhoje ya karɓi lambar zinare ta allo na biyu, a gasar da manyan duniya suka halarta. Na gwada tambayar matasan da ke buga wasan nan a Jos, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin labarin. Wannan abin takaici ne, domin yaro yana bukatar ya san cewa nasa ya taɓa yi. Muna da waɗanda suka kai matakin gwanin ƙasa da ƙasa, mataki na biyu a darajojin FIDE, kuma sun cancanci yabo, don mafi yawan wahalar da aljihunsu suka sha ta. Amma har yau ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba ta da babban gwani ko guda. Tunisiya ta samu tun 1993 da Slim Bouaziz. Zambiya ta samu da Amon Simutowe a 2009. Afirka ta Kudu ta samu da Kenny Solomon bayan ya ci gasar nahiya a 2014. Masar tana da Ahmed Adly, wanda ya zama zakaran matasa na duniya a 2007, da Bassem Amin, likita, ɗan Afirka na farko da lambar ƙarfinsa, wato makin da FIDE ke auna gwanintar ɗan wasa da shi, ta kai 2700. Idan an zauna gasar Afirka, mu kan shiga ne muna kallon keyar Masar.

Ba basira muka rasa ba. Tunde Onakoya ya kai allon ces unguwannin marasa galihu na Ikorodu da Makoko da ƙarƙashin gadar Oshodi, ya nuna wa duniya cewa yaron da ba ya zuwa makaranta ma yana iya gane wasan cikin makonni. A Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na New York, a 2025 ya koma ya yi 64. Ga kuma Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Abuja a 2017 saboda barazanar Boko Haram. A 2019, yana ɗan shekara takwas, suna zaune a gidan marasa matsuguni, ya ci gasar yara ta Jihar New York, yana shekara goma ya zama gwanin ƙasa a Amurka. A makarantar gwamnati ya fara koyo, saboda can an ajiye allo da malami. Yau da tutar Amurka yake wasa. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Tambayar da ke damuna ita ce: da ya ci gaba da zama a Abuja, wa zai sa masa allo a gaba? Tsaransa nawa ne a Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo da Unguwar Rukuba da ba wanda zai taɓa sanin abin da ke cikin kansu?

A nan na zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya saba duba sunayen masu wakiltarmu da wuraren da ake yin manyan gasanni na cikin gida ya san cewa nauyin wasan nan a Kudu yake, musamman Legas da kewayenta. Ba zargin kowa nake yi da wariya ba. Can aka fi kafa ƙungiyoyi, can masu ɗaukar nauyi suke, can makarantu suka fara karɓar wasan, kuma wanda ya shuka shi ke girbi. Ba kuma roƙon kason yanki nake yi ba. Allah ya kiyaye a saka ɗan Arewa a allo na huɗu don kawai a ce an raba daidai. Allon ces ba ya karɓar takardar shaidar ƙaramar hukuma, wanda aka tura bai isa ba zai sha kashi sau 11 ya dawo da kunya. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da ke ɗebo tawagarta daga ɓangare guda ta bar jihohi 19 da Abuja kusan ba a taɓa su ba, ta rage wa kanta ƙarfi da hannunta.

Kar kuma a ce wasan baƙo ne a wajenmu. Ya taso daga Indiya, ya bi ta Farisa, ya shiga hannun Larabawa, har a Bagadaza aka yi gwanaye irin su al-Adli da as-Suli da suka rubuta littattafai a kansa tun kafin Turai ta san shi da kyau. Ya kuma ratso Sahara. Wani jami'in Turawan mulki, C. K. Meek, ya rubuta a 1934 cewa ya tarar ana buga wani nau'insa a Borno. Ban da wannan, mu mutanen dara ne. Ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, dattijo ya sunkuya yana lissafin motsi uku ko huɗu gaba yana ɗana wa abokinsa tarko. Ƙwaƙwalwar da ke wannan ita ce dai ake nema a ces. Yaran da nake koya wa waɗanda suka taso suna kallon dara a ƙofar gida ba na shan wahalar fahimtar da su cewa kowane motsi yana da abin da zai biyo bayansa.

To me ke tare hanya? Abu na farko lamba ce. A duniyar ces mutum bai wanzu ba sai yana da lambar ƙarfi ta FIDE, ita kuwa ba a samunta sai a gasar da aka yi wa rajista, wadda alƙalin wasa mai lasisi ya kula da ita, aka aika sakamakonta. Matasanmu da yawa yanzu a waya suke bugawa, a Lichess ko Chess.com, wasan minti uku-uku, a teburin mai shayi ko cikin Keke Napep. Wasu cikinsu idonsu na da kaifi ƙwarai. Amma ba su taɓa zama awa huɗu a gaban agogo ba, ba su taɓa rubuta motsinsu a takarda ba, ba su san dokar nan ta in ka taɓa sai ka motsa ba. Yaron da yake so ya sami lamba, in ba a yi sa'ar wata gasa ta faɗo kusa ba, sai ya nemi kuɗin mota zuwa Kudu, da na masauki, da na shiga gasa, ya kuma shawo kan mahaifinsa ya bar shi ya kwana a hanya saboda wasa. Mahaifin da ke sayar da kayan gwari a Farin Gada ba zai yarda ba, ni ma ba zan ce ya yi kuskure ba.

Saboda haka roƙona na farko ƙarami ne. A kawo kwas na horar da alƙalan wasa Jos ko Abuja, a ɗebo malaman makaranta daga Filato da Bauchi da Kaduna da Kano da Gombe da Nasarawa, a ba su lasisi. Sannan a sa a kalandar shekara cewa kowace shiyya ta Arewa za ta ga gasa mai rajista aƙalla sau biyu, da ranakunta a bayyane tun farkon shekara. Zaure ɗaya, tebura, alluna da agogo, shi ke nan kayan aikin. Ba a bukatar fili mai ciyawa ko fitilun dare.

Sai maganar zaɓe. Ina roƙon a wallafa ƙa'idar shiga tawagar ƙasa shekara guda kafin kowace Olimfiyad, a shafin da kowa zai gani: kujeru nawa za a bayar ta lambar ƙarfi, nawa ta gasar tantancewa, wasanni nawa mutum zai buga a shekarar kafin a duba shi. A fara tantancewar daga shiyyoyi shida, zakarun shiyya su haɗu da manyan ƙasa a zagayen ƙarshe. Na san a karon farko, da na biyu ma, watakila ba ɗan shiyyarmu da zai tsallake. Ba komai. Zai zauna gaban gwani, ya sha kashi, ya koma gida da takardar wasansa ya yi wata shida yana nazarinta. Haka ake yin ɗan wasa. Kuma idan ƙa'ida a rubuce take, wanda bai samu ba zai san abin da ya rage masa, ba zai tafi yana gunaguni cewa sai mai uwa a gindin murhu ba.

Akwai wata magana da jami'an wasanni suka saba kauce mata, ni kuwa ina ganin dole a fuskance ta, domin ita ce tambayar farko da uba Musulmi yake yi mini: Malam, wannan abu ya halatta? Ba zan ba da fatawa ba, ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan shaɗaranji tun da daɗewa. Imam Malik ya ƙi shi, kuma mu nan mazhabarsa muke bi, don haka ba abin mamaki ba ne a ji iyaye suna ɗari-ɗari. A wajen Shafi'awa kuwa abin da ya shahara shi ne ba haram ba ne matuƙar babu caca, bai shagaltar daga salla ba, bai kuma jawo zagi da alfasha ba. Kowa ya haɗu a kan cewa caca haram ce. A aikace Masar da Turkiyya da Uzbekistan da Aljeriya da Maroko duk suna tura tawaga, Saudiyya ta karɓi gasar duniya ta wasan sauri a Riyad a 2017, an kuma ba Abu Dhabi Olimfiyad ta 2028. Iran ta taɓa haramta shi bayan juyin juya hali, ta dawo ta halatta a 1988, yau tana cikin masu ƙarfi a Asiya. Wannan duk ba zai isa ya gamsar da uba a Unguwar Rogo ba idan daga bakin jami'in gwamnati ya fito. Ku je wurin malamai da girmamawa, ku kai allon, ku nuna musu yadda gasa take, ku saurari sharuɗɗansu. Ku tsara zagaye yadda ba zai ci lokacin salla ba, Juma'a a ɗaga, haka ma safiyar Lahadi saboda 'yan'uwanmu Kirista. Ku hana duk wani kamfanin caca kusantar gasar yara, ko nawa zai bayar. Uban da ya ga an mutunta addininsa zai saki ɗansa. Wanda kuma ya ce shi dai bai gamsu ba, a ƙyale shi, haƙƙinsa ne.

Wannan ya fi shafar 'ya'ya mata. Tun 1957 ake gasar mata, kujeru biyar ne cur a kowace Olimfiyad, kuma a Afirka tazarar da ke tsakanin ƙasashe a wannan rukuni ba ta kai ta maza nisa ba. Masar ta fitar da Mona Khaled da 'yan'uwan nan biyu, Shrook da Shahenda Wafa, sun yi ta cin kofin nahiya. Wasanni da yawa iyayenmu ba sa barin 'yan mata su yi saboda sutura da cuɗanya. Ces ba shi da wannan matsala. Yarinya da hijabinta za ta zauna a ajinsu, malama tana tsaye, ta buga. A cikin waɗanda nake koya wa, na lura 'yan mata sun fi haƙurin zama su warware matsala har ƙarshe. Abin da ke yanke musu hanya shi ne tafiya: ba uwar da za ta bar 'yarta ta bi mota zuwa wani gari ba tare da mace babba ba. In kuna son su, ku sa kuɗin mai rakiya a cikin lissafi, ku kuma horar da malamai mata.

Bari in yi maganar garinmu kaɗan. Jos ta san wasanni. Nan aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, Plateau United ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 2017, dattawa kuma har gobe suna ba da labarin Mighty Jets. Jos ta kuma san rikice-rikicen da suka same ta a 2001 da 2008 da 2010. Tun daga lokacin unguwanni suka rabu, akwai yaran da suka girma ba su taɓa shiga unguwar da ke tsallaken titi ba. A ƙwallo sukan haɗu, amma ƙwallo akwai ihu da tunzuri. A ces yaro daga Gangare da yaro daga Tudun Wada za su yi musabaha kafin su fara, doka ce, su yi awa biyu fuska da fuska, su sake musabaha, sannan su zauna tare suna duba inda aka yi kuskure. Na ga wannan da idona, kuma ba na ɗaukarsa ƙaramin abu. Ba na cewa allo zai warkar da gari, raunin ya fi haka zurfi. Amma tawagar da ake kira ta ƙasa ya kamata ta tsiro daga irin wannan zama. Ga shi garin yana da sanyi, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, rayuwa ba ta kai tsadar Abuja ba, ga Jami'ar Jos da ɗakunan kwananta lokacin hutu. In kuna neman inda za ku killace tawaga mako uku kafin gasa, ga wuri. Ku bar ƙofar zauren a buɗe da yamma yaran gari su shigo su kalli manya suna nazari.

Killacewar nan ba ado ba ce. A Olimfiyad da dare ake sanin ƙasar da za a haɗu da ita gobe, da safe a ga sunan wanda zai zauna a gabanka. Cikin 'yan awoyin nan ake buɗe kwamfuta a tono duk wasannin da ya taɓa bugawa, a gano inda yake da rauni, a shirya masa. Tawagar da ke da koci mai zurfin sani ta riga ta ci rabin yaƙi kafin a taɓa agogo. Uzbekistan da ta ci a 2022 babban gwani Ivan Sokolov ta ɗauko ya jagorance ta. Mu ma a ɗauko, ko da daga Masar ne, ko da na wata uku ne, a kuma haɗa shi da kociyoyinmu na gida su ɗebi ilimi.

Na san za a ce kuɗi. Tun da aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa a Oktoban 2024 a madadin ma'aikatar wasanni, ƙungiyoyi da dama ne ke miƙo hannu, kuma ƙwallon ƙafa ce ke da masu kallo. Amma a Olimfiyad mai masaukin baƙi ne ke ɗaukar nauyin ɗaki da abincin 'yan wasa. Abin da ya rage mana tikitin jirgi, biza, alawus da shiri, na mutum goma da kociyoyinsu, sau ɗaya a shekara biyu. Ranar gasar kuma ana saninta tun da nisa: tun kafin a je Budapest aka san ta 2026 ta Uzbekistan ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Budapest ɗin an ga tawagogin Afirka da matsalar biza ta sa suka makara ko suka iso ba su cika ba, wanda bai zauna a kujerarsa ba kuwa an cinye shi ke nan ba tare da ya taɓa ko doki ba. A sa kuɗin tafiyar a kasafi da sunansa, a sake shi wata shida kafin lokaci, a shigar da takardun biza da wuri. Ɗan wasan da yake tunanin ko zai tafi ko ba zai tafi ba ba zai iya nazari ba.

Sai batun babban gwani. Darajar tana bukatar lamba 2500, da nuna bajinta sau uku a gasannin da ke da manyan gwanaye da 'yan ƙasashe daban-daban, kowace mai wasa tara ko kusa da haka. 'Yan wasanmu in suna buga junansu kawai, maki ne ke zagayawa a tsakaninsu, ba sabo da ke shigowa. Ko dai a tura su waje, wanda yake da tsada, ko a kawo wajen nan. Abuja ta karɓi wasannin Afirka a 2003, ces kuma yana cikin wasannin da aka yi. Garin da ya iya wannan ba zai gaza shirya gasar mutum goma sau ɗaya a shekara ba, a gayyato uku ko huɗu daga Masar da Aljeriya da Indiya, a ba namu damar neman darajar a gida. Bankuna da kamfanonin sadarwa da attajiranmu na Arewa za su fi saurin sa hannu idan suka ga tsari a rubuce da sunan hukuma a kai.

Tushen duka dai makaranta ne, kuma a nan ba ku kaɗai ba ne, sai kun jawo hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi. Ba na neman a mayar da shi darasin dole kamar Armeniya, makarantunmu da wasu ko benci babu ba su kai nan ba. A fara da makarantu kaɗan a kowace jiha, har da na Islamiyya da na mishan, a ba kowace alluna goma da malami ɗaya da aka horar. A buga ɗan littafin koyo da Hausa, da boko da ajami, domin almajirin da ya haddace izu sittin ba haddar buɗe wasa ce za ta gagare shi ba. Ni da abokan aikina a shirye muke mu rubuta shi kyauta in za ku duba ku buga.

Idan tawaga ta dawo kuma, a gaya mana abin da ya faru. A wallafa sakamakon kowane allo, da abin da aka kashe, da abin da koci ya gani. A turo biyu daga cikin 'yan wasan su zagaya Jos da Kaduna da Kano da Maiduguri, kowanne ya buga da yara 20 a lokaci guda kamar yadda gwanaye ke yi. A gayyaci Odion Aikhoje ya zo da lambarsa ta 1998 yara su gani.

Ba na tsammanin a yi duk wannan a shekara guda. In za a ɗauki biyu kawai a bana, to a ɗauki kwas ɗin alƙalai da wallafa ƙa'idar zaɓe, domin su ne ba sa cin kuɗi sosai kuma su ne ke buɗe sauran. Mu a nan za mu nemo zaure, mu tara yara, mu shawo kan iyaye, mu je wurin malamai tare da ku. Ku sa rana, ku sanar da ita a inda za mu gani.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Malamin lissafi kuma mai koyar da yara wasan ces,
Jos, Jihar Filato.